Sun Ɓata Wa Iria Kalmar Padrinyo

Daga: Baltazar Moitinho Freixo,
Mai sayar da kifi, Rumfa ta 14, Kasuwar Kifi,
Setúbal.

Zuwa ga: Mai Girma Dakta Filomena Arrais,
Shugabar Kwamitin Kare Haƙƙin Yara da Matasa,
Setúbal.

Talata, 22 ga Afrilu, 2025.

Game da: Cutarwar da kamfanin shirya wasanni na Maré Parda yake yi wa Iria Salgueiro, 'yar shekara goma sha biyar, da roƙon a dakatar da ɗaukar wasan da aka tsara ranar 5 ga Mayu.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da kujerarki, ina roƙon ki yi haƙuri da rubutuna, domin hannuna ya fi sabawa da wuƙa da ƙanƙara. Ni ne uban baftismar Iria, 'yar abokina marigayi Custódio Salgueiro, wanda teku ta cinye lokacin da yarinyar take da shekara shida. Ni na riƙe ta ranar da fada ya zuba mata ruwa a coci, na yi alkawari a gaban Allah cewa idan babu ubanta, akwai ni. Padrinyo, wato uban baftisma, take kirana tun ba ta iya furta shi daidai ba. Da wannan matsayi nake rubuto miki, kuma da sanin mahaifiyarta, Dona Graciete.

1. A watan Satumba na 2024 kamfanin ya ɗauki Iria a wasan talabijin na yamma mai suna «Ruwan Gishiri». Labarin da aka karanta mana shi ne na wata marainiya wadda uban baftismarta, mai jiragen kamun kifi, ya ɗauke ta ya sa ta a makaranta. Fausto Merelo, ɗan shekara arba'in da ɗaya, shi ne uban baftismar a wasan. A kan wannan labarin Dona Graciete ta sa hannu, a kansa kuma ofishinki ya ba da izini. Ni kaina sai da na manna hoton yarinyar a saman sikelina don alfahari. Babu wanda ya gaya mana cewa irin wannan wasa ana rubuta shi ne ana cikin nuna shi, kamar mai miya tana ɗanɗanawa tana ƙara gishiri, kuma duk abin da masu kallo suka lashe baki a kansa shi ake ƙarawa.

2. Daga kashin da aka nuna ranar Litinin 17 ga Fabrairu aka juya labarin ya koma soyayya tsakanin yarinyar da uban baftismarta. Abin da suka gina ƙazantar a kansa shi ne gaisuwar da iyayenmu suka bar mana, wadda yaro zai kama hannun babba ya sumbata ya ce albarkarka Padrinyo, babban ya amsa da Allah ya yi maka albarka. Ita suka ɗauka suka sa mata kiɗa mai sanyi, suka kawo kyamara dab da fuskar yarinya, suna maimaitawa kullum har duk ƙasar nan ta gane abin da ake nufi. Ranar 24 ga Fabrairu na raka Dona Graciete wurin daraktan, Tristão Lobato. Yana murmushi ya ce mana wasa ne kawai, jama'a ne suke so, kuma ai a cikin labarin ta riga ta cika sha takwas. Na shaida masa cewa a gidan uwarta ba ta cika ba, har yanzu a hannun uwar take karɓar kuɗin motar makaranta. Na tambaye shi ko yana da 'ya. Amsar da ya ba ni ita ce masu gadi biyu, waɗanda suka murɗe mini hannu ta baya suka wurgar da ni a kan tsakuwa a gaban matar abokina.

3. Ranar Alhamis 6 ga Maris aka ɗauki wurin da matar mai jiragen take marin yarinyar. Daraktan ya ce marin ƙarya ba ya fitowa da kyau, ya umarci 'yar wasan, Dona Hermínia, ta yi na gaske. Aka yi, ya ce a sake. Aka yi ta sakewa har leɓen Iria ya fashe, kunnenta na hagu ya soma zubar da jini. Suka goge, suka shafa mata hoda, suka ci gaba. Likita ya tabbatar dodon kunnen ya tsage, na haɗo takardarsa da wannan. Jinin da mutane suka gani a talabijin suna cin abincin yamma, suna yaba gwanintar masu kwalliya, jinin 'yar Custódio ne. Ba na riƙe Dona Hermínia a zuciya, domin ta zo har gida tana kuka ta nemi gafara. Shi kuwa Fausto Merelo yana tsaye a wurin yana shan kofinsa.

4. Ranar Asabar 22 ga Maris Iria ta zo taya ni aiki a rumfa, kamar yadda ta saba. Wata tsohuwa da ta daɗe tana sayen kifi a wurina, wadda ba ta bambance wasa da gaskiya, ta tofa mata yawu, ta kira ta mai kashe auren mutane, ta ɗauki tiren hanjin kifi ta watsa mata a ƙirji. Ina cikin janye yarinyar sai wani ƙaton mutum, mai tumbi da zoben aure a yatsa, ya miƙo hannunsa ta saman kifin har bakinta, yana cewa ta zo ta nemi albarka wurin Padrinyo. Kasuwa ta kwashe da dariya. Ranki ya daɗe, na fi so ki ji daga bakina: na tsallake teburin na karya masa hanci, haƙoransa biyu kuma a cikin ƙanƙarata aka tsince su, sai da mutum huɗu suka ɓamɓare ni daga wuyansa. Maganar tana hannun 'yan sanda, kuma zan je in amsa. Cikin dukkan ladabi nake shaida miki cewa ban yi nadama ba. Amma hannu biyu gare ni, masu yi mata wannan ihun kuwa sun cika ƙofar makarantarsu da tashar mota.

5. Wannan shi ne wanda ya fi yi mini ciwo, kuma na san babu dokar da ta ambace shi. Ranar Lahadin Dabino, 13 ga Afrilu, Iria ta zo gidana da reshen zaitun da furanni, yadda take kawo mini kowace shekara, ni kuma in ba ta burodin Ista mai dafaffen ƙwai a tsakiya idan mako ya zagayo. Na buɗe ƙofa, na miƙa mata hannuna ba tare da tunanin komai ba. Yarinyar nan ta yi tsalle da baya kamar na nuna mata wuta, ta bugi bango, reshen ya faɗi. Ta buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Daga ƙarshe abin da ta iya cewa shi ne, a yi haƙuri Sinyo Baltazar, irin kiran da baƙo yake yi mini idan ya zo sayen kifi. Ta juya da gudu. Ni ne na koya mata ɗaure igiyar takalmi, ranki ya daɗe, ni ne na ɗauke ta a kafaɗa ranar da aka yi addu'ar ubanta babu gawa. Yau hannuna take tsoro.

6. Ranar Laraba da ta wuce aka aiko mata da shafukan da za a ɗauka ranar Litinin 5 ga Mayu, ita da Fausto Merelo su kaɗai a ɗaki. Na karanta. Ba zan kwafe abin da ke ciki a takardar da za ta hau teburin mace mai mutunci ba, na sa su a ambulan daban. Iria ta ce ba ta so. Kamfanin ya tsorata mahaifiyarta da lauyoyi, yana kafa hujja da izinin da ya fito daga ofishinki.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon ki janye wannan izini kafin 5 ga Mayu, tunda labarin da aka ba da shi dominsa ba shi ake yi ba. Ina roƙon a kira Tristão Lobato ya yi bayanin kunnen yarinyar, a kuma hana sake nuna wuraren gaisuwar nan. A ji ta bakin Iria ita kaɗai, ba a gaban mutanen kamfani ba.

Tun bayan abin da ya faru a kasuwa, maƙwabcin rumfata ne yake tafiya gida da wuƙaƙena idan mun tashi, ni na roƙe shi ya riƙa yin haka. Ranar 5 ga Mayu da safe zan kasance a ƙofar wurin ɗaukar wasan. Babban burina shi ne in tarar jami'inki ya riga ni isa.

Ban roƙe ki ki dawo mini da kalmar da suka ɓata ba, na san ofishinki ba shi da hatimin yin haka. Burodin Istanta yana nan a kan teburina cikin tawul, ya soma tauri, ba ta zo ta karɓa ba.

Ki huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Mai biyayya gare ki,

Baltazar Moitinho Freixo,
Padrinyon Iria Salgueiro, ko da bakinta ya kasa faɗa.