Takardar Lasifikar Wendell

Alhamis, 4 ga Oktoba, 1990

Ruwa tun safe. Rediyo biyu na gyara yau, shi ke nan cinikin. Tun da aka rufe injin katako na bakin kogi mutanen garinmu Hoquiam suka daina kawo gyara, sai dai mutum ya mari akwatin rediyonsa har ya ci gaba da magana.

Marnie tana gareji ita da Denny mai ganga, suna abin da suka saba. 'Yata ce, ina son abata, amma tsakani da Allah wannan ba kiɗa ba ne. Kamar ana jan sarƙa a kan kwanon rufi. Da jitar yayanta Wendell take kaɗawa, da akwatin lasifikarsa. Bara war haka gungume ya danne shi a daji ya rasu. Ba ta zancensa, ni ma ba na yi.

Talata, 9 ga Oktoba

Muna cin abinci na ce wa Marnie me zai hana ta yi irin na samarin Los Angeles da ake nunawa a talabijin, masu gashi buzu-buzu. Ko ba komai yatsunsu na gudu, kana jin kowace tsirkiya tsaf. Sai ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta har na manta.

"Baba, waɗancan ai kwalliya suke sayarwa. Waƙarsu daga mata sai motoci. Wa ke da motar kirki a garin nan?"

Na ce to 'yan kiɗan punk ɗin da Wendell ke yawan sakawa fa? Ta ce su gaggawa gare su, kafin ka gyara zama sun gama zagin gwamnati sun sauka. "Mu ba ma sauri. Sassauta tsirkiya muke ta yi nauyi. Mu fara ƙasa-ƙasa kamar mai magana shi kaɗai, in abin ya cika mana ciki sai mu fashe." Wai a birnin Seattle an fara kiransa grunge, wato dauɗa. Na ce wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba. Ta jefe ni da ɓawon burodi.

Rigar aikin Wendell ce a jikinta, mai zanen gida-gida. Hannun ya rufe mata yatsu.

Asabar, 13 ga Oktoba

An ba su wuri a zauren ƙungiyar masu yankan katako, Asabar mai zuwa. Karonta na farko gaban jama'a. Da ta tafi aiki gidan sarrafa kifi na shiga gareji na kwance bayan akwatin. Tabɗi! Takardar lasifikar, wadda ke girgiza ta fitar da sauti, a yage take wuri uku. Ashe shi ya sa take wannan gurnanin. Shekara talatin ina gyara wa mutane, a gidana kuwa 'yata na fama da abin da ɓera ya ci. Na ji kunya. Na yi odar sabuwa, mai kyau. Ba zan gaya mata ba, ta gani a wurin.

Laraba, 17 ga Oktoba

Na ɗaura sabuwar takardar. Tsohuwar na jefa a shara, gobe mota za ta kwasa. Denny ya bi jirgin kamun kaguwa sai Asabar, don haka ba a kunna komai a gareji ba. Yau har fito na yi a shago.

Lahadi, 21 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Jiya na sa kwat ɗina na zuwa coci, na tsaya can baya. Zauren ya cika da yara masu tsofaffin riguna. Marnie ta hau, ta kaɗa na farko, sauti ya fito tas kamar ƙararrawa. Har na waiga ko wani zai yaba. Ita kuwa ta tsaya cak. Ta sake kaɗawa. Ta murɗa wannan, ta murɗa wancan. Sai ta zagaya bayan akwatin ta durƙusa. Da ta miƙe, ni ta nemo da ido a cikin taron nan. Ta dai ƙarasa waƙoƙin, amma kanta a sunkuye.

A waje Denny ya tare ni. Yaron da ko ido ba ya haɗawa da ni. "Haba Baba, me ka aikata? Ba ɓera ba ne, Wendell ne ya tsaga takardar da reza, da hannunsa. Ya fi wata yana neman inda zai yanka ta ba da wannan kukan. Har daga garin Olympia ake zuwa jin akwatin nan."

A gida ta ce, "Ina tsohuwar?"

Na ce motar shara.

Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. "In na kunna shi, Baba, ji nake kamar yana garejin. Abin da ya rage mana na muryarsa ke nan."

Na ce gyara na yi. Ta ce ta sani.

Litinin, 22 ga Oktoba

Na je juji. Mai gadin ya ce na makon jiya katafila ta riga ta binne. Duk da haka na tona har bayana ya ƙage. Takalmi, gwangwani, ruɓaɓɓen kifi.

Lahadi, 28 ga Oktoba

Ta tafi Seattle a motar Denny, da jitar da akwatin. Wai ta sami wankin kwanoni a wani gidan kofi. A bakin ƙofa abin da ta ce kawai, "Akwai miya a firij." Na tsaya riƙe da ƙofar kamar wani ɗan aike.

Litinin, 5 ga Nuwamba

Shiru, ba labarin Marnie.

Lahadi, 11 ga Nuwamba

Ban je coci ba. Na kwaso tsofaffin lasifiku daga ƙarƙashin benci, na ari jita a maƙwabta, na ɗauki reza. In tsaga, in ja tsirkiya ɗaya, in saurara. Hannuna bai saba ɓata abu ba. Ƙanwata Aune ta shigo da burodin kirfa ta same ni cikin tarkace.

"Yaya, kanka ɗaya kuwa?"

Na ce ina neman wani sauti ne. Ta ce wane iri?  Ko na dace da shi ba zan gane shi ba. Kunnena na mai gyara ne, duk abin da ya ji sai ya nemo inda ya lalace. Na kifa kai a benci na yi kuka, ita kuma ta yi ta share ƙasa kamar ba ta gani ba.

Alhamis, 22 ga Nuwamba

Yau bikin Ranar Godiya. A gidan Aune na ci talotalo. Ta aje faranti ɗaya fiye da mu, daga baya ta ɗauke a hankali. Ta matsa min sai na buga waya gidan kofin. Wata yarinya ta ɗauka, ta je ta dawo, ta ce Marnie hannunta da kumfa. Ina tsoro kada in rasa biyun duka, ɗaya a daji, ɗaya da hannuna.

Lahadi, 9 ga Disamba

Bayan na dawo coci waya ta yi ƙara. Na ce wa ke magana, ba a amsa ba. Na ji an aje kan wayar a kan wani abu. Sai jita, ƙasa-ƙasa, a hankali, har na zaci layi ne ba kyau. Can ta fashe. Sai da na janye wayar daga kunne, na kuma mayar. Ba irin na gareji ba ne, ko ni na ji haka. Wannan ya fi kaushi, kuma akwai wani wuri da yake shaƙewa kamar mai haɗiye kuka.

Da ta gama na ji numfashinta.

"Ni na tsaga, Baba. Ba ta fito kamar tasa ba."

Na ce ai na ji, takardar ta yage sosai.

"Eh."

Har yanzu ban ce kiɗa ne ba. Kujera dai na jawo, ko kwat ban cire ba. Na ce mata ta sake kaɗawa daga farko, ɗazu ban ji da kyau ba.