Kwanon da Kika Rufe

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ciwon gwiwar? Yaya jikoki? Ni lafiya lau, sai dai tsayuwa tana cin ƙafafu.

Kin tambayi aikina. Duk karatun nan ga inda ya ajiye ni: goge tebura a gidan shayi, da hana 'yan yawon buɗe ido cin abincin da suka shigo da shi. Dokar tana rubuce a allo cikin harsuna uku, ni kaɗai nake iya karanta dukansu.

Shekaranjiya wata baƙuwa ta shigo da mahaifinta tsoho. Suka sayi shayi, sannan ta kwance ƙulli ta fito da ɗan kwano. Na nuna mata allon.

Ta ce mini, "Baba, ka yi haƙuri, ba ya iya cin girkin kowa sai nawa."

Mai wurin yana kallona. Na ce doka doka ce. Ta rufe kwanon a hankali suka fita, shayinsu ko hucewa bai yi ba.

Yaya, haka kika rufe naki ranar da kika tako har kwaleji da abinci, na ce wa abokaina 'yar aikinmu ce. Shekara arba'in ba ki tayar da maganar ba, ni kuma girman kai ya ɗaure mini baki.

Kada a aiko mini da komai. Ki yafe mini kawai, tun muna da rai.

Allah ya ƙara lafiya.

Ƙaninki