Faifan Injin Baba

Litinin, 5 ga Mayu

Faifan injin goge katako na Baba ya lalace. Faifan roba ne a ƙasan injin, a jikinsa ake manna sanfefa. Yanzu ba ya riƙe komai. Da an kunna sai sanfefar ta yi tsalle ta bugi bango. A gabana ta yi haka, a garejin da ya mayar wurin aikinsa tun da ya bar koyarwa.

Ya miƙo min injin a leda. "Uwata, ki samo min irinsa. Teburinki saura gogewa kawai."

Tun bara yake haɗa min teburin nan. Wai ya gaji da ganina ina gyaran labaran jarida a kan gado kamar mai jinya.

Laraba, 7 ga Mayu

Na biya wurin mai gyara kafin ofis. Ya kwance faifan, ya jujjuya shi. Gefe guda ya narke ya yi santsi, ɗayan gefen kamar sabo.

"Anti, wa ke aiki da wannan? Danne shi yake yi kamar katakon ya zage shi."

Na ce babana ne. Ya ce to a gaishe shi, a ce ya sassauta hannu.

Na tambaya ko injin ya zo ƙarshe. Ya kunna, ya kara a kunne, ya ce ƙalau yake. Faifai da waya da ɗan gawayin ciki su ne ke ƙarewa. In ana sauya su, irin wannan sai ya shekara ashirin yana aiki. Ƙura da zafi ke kashe inji, in ji shi, sai kuma mai shi.

Ya ba ni sabon faifai. Yana cikin jakata.

Abin da bai shiga kaina ba: Baba ne ya koya mana cewa ba a danne inji, nauyinsa ya ishe shi. Yaya ya sha ranƙwashi a kan wannan muna yara.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na shiga garejin da safe kafin Baba ya fito. Na shafa saman teburin. Akwai kwari kusa da gefen hagu, faɗin tafin hannu. Ido ba ya gani, hannu na ji.

Wurin karin kumallo na zuba masa ido. Ya riƙe kofin shayi ta ciki, ba ta mariƙi ba, kofin da ni ban iya taɓawa ba. Ko gezau.

Likita ya faɗa bara cewa ciwon suga irin na Baba kan kashe jin yatsu. Na ji, na ajiye.

Baba bai taɓa auna santsin katako da ido ba. Rufe ido yake yi, ya bi shi da kan yatsu. Yatsun sun daina ba shi amsa, shi ya sa yake ta gogewa wuri ɗaya, yana dannawa. Bayanin ke nan. Babu wani.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na kira Yaya. Bai bari na ƙarasa ba.

"Ki kwashe injinansa duka. Yau faifai ne, gobe zarton lantarki ne da yatsa. Ke kina ofis, ni ina nesa, wa zai kai shi asibiti?"

Na duba maganarsa yadda nake duba rahoto kafin ya shiga shafi. Ban sami inda ta yi rauni ba.

Na ce wa Baba ba a sami faifan ba, kamfanin ya daina yin irinsa. Ya ce, "To." Na kulle zarton da injin huda a kabad.

Lahadi, 11 ga Mayu

Bai shiga gareji ba.

Talata, 13 ga Mayu

Yana wuni a falo, talabijin a kunne, ba murya. Maƙwabcinmu ya leƙo ya ce kwana biyu unguwa ta yi shiru, bai ji ƙarar injin Malam ba. Baba ya ce, "An yi min ritaya ta biyu. Wannan karon ko walima babu."

Suka yi dariya. Na yi aikina a kan gado.

A ofis wani sabon ɗan rahoto ya kawo labarin tsohon direba, ya kamanta shi da tsohuwar motarsa har sakin layi uku. Na yanke duka. Mutum ba inji ba ne, kuma kwatancen ya tsufa.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na dawo da yamma na same shi a gareji. Ya naɗe sanfefa a guntun katako yana goge teburin da hannu. Gaɓar yatsarsa ta tsakiya ta saɓule, jini ya ɗiga a kan katakon, bai sani ba sai da na nuna masa. Ya kalli yatsar kamar ta wani ce.

Ina ɗaure masa ya ce, "Na kira mai gyara. Ya ce in tambaye ki ko ramukan faifan sun dace."

Na ci gaba da ɗaure yatsar.

"Ke da kike kama ƙaryar manya a jarida, taki ko tsayuwa ba ta iya ba."

Na ce yatsunsa ba sa ji. Ya ce ya riga ni sani da wata shida. Na ce me ya sa bai faɗa ba. Ya ce, "Ga shi kin sani. Me ya biyo baya?"

Kulle kabad bai hana jini zuba ba. Wannan ya kamata ya shiga lissafin Yaya.

Asabar, 17 ga Mayu

Mun sa faifan. Shi ke faɗa, ni ke yi. A zare waya daga bango tukuna. A kakkaɓe ƙurar ciki da tsohon buroshi. A daidaita ramuka. Sukurorin sun riƙa zame masa, sai na karɓa. "Kada ki ɗaure ɗaya tamau ki bar sauran. Bi su a hankali, ɗaya bayan ɗaya."

Ya sa na buɗe kabad. Da kansa ya naɗe wayar zarton ya miƙo min. "Ki aika wa yayanki. Ya rataye a falonsa, ko ya sami barci."

Sannan ya kunna injin goge, ya bar shi yana tafiya da nauyinsa. Ya kashe.

"Shafa."

Na shafa.

"Ba haka ba. Rufe ido. Kan yatsu, ba tafi ba. Me kika ji?"

Na ce akwai tudu inda kwarin ya ƙare. Ya sa fensir ya zagaye wurin. Haka muka yi har ƙura ta rufe min gilashi. Sau ɗaya ya soma dannawa, na taɓa bayan hannunsa, ya sassauta.

Litinin, 19 ga Mayu

Yaya ya ce na biye wa Baba. Mai yiwuwa.

Asabar, 24 ga Mayu

Kwarin ya ɓace. Mun sauya zuwa sanfefa mai laushi. Ya ce in shafa na ƙarshe, in ya yi sai a shafa mai a kai min ɗaki.

Na rufe ido na bi teburin daga gefe zuwa gefe. Na daɗe.

Na ce akwai ɗan kaushi a kusurwar dama.

Ya dube ni ta saman gilashinsa. "Kin tabbata, Uwata?"

Na ce sai mun sake bi ranar Asabar.

Akwai kaushin, in an nema sosai. Na riga na nemi a sauya min ranar aiki a ofis, a bar mana Asabar.