Maganin Tsatsar da Ke Jikin Ƙofarku

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Magatakarda,
Ofishin Rajistar Ƙirƙire-ƙirƙire.

Daga:
Matar mai neman rajista,
Gida mai ƙofa mai tsatsa, bayan tsohuwar sakandare.

Ranar 3 ga Oktoba.

Game da: Ƙin yi wa sinadarin hana tsatsa rajista, alhali ofishinku na cin moriyarsa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar da ta dace da kujerarka, ina rubuto wannan takarda ne a madadin maigidana, tsohon malamin kimiyyar sinadarai, wanda ɗalibansa ke kira Malam Kwalba. Bai san na rubuto ba. Da ya sani da ya ce a yi haƙuri, ni kuwa nawa haƙurin ya ƙare tun watan Yuli. Aikin buga takardu na yi a ofis kafin ritaya, na san aljihun teburin da irin wannan takarda ke kwana. Ina roƙon kada tawa ta kwana a can.

1. Tun da ya bar aji, Malam ya mayar da ɗakin ajiyarmu ɗakin gwaji, yana neman abin da zai hana ƙarfe tsatsa. Neman ya ci tukwanena uku, da labule, da girarsa ta hagu wadda har yau ba ta dawo ba. Daga ƙarshe ya samu. Sinadarai biyu ake haɗawa, a dafa a wuta kaɗan-kaɗan, a sauke, a naɗe tukunyar da bargo ta huce a hankali. In ta huce da sauri, ruwan banza ake samu. Bargon nawa ne, shi ya sa nake da bakin magana.

2. Ranar 14 ga Fabrairu ya shigar da takardar nema. Da yake ba shi da na'urar da za ta nuna ainihin tsarin abin da ke fitowa daga tukunyar, sai ya bayyana shi ta hanyar da ake yin sa, yadda ƙa'idarku ta yarda. Jami'in tantancewa ya nemi samfuri. Malam ya kai 'yar kwalba, aka ce ba za ta isa bincike ba, sai galan guda. Bawan Allah ya dawo ya dafa galan guda, ya kai har da sa sabuwar hula, wai aiki ya isa hannun masana.

3. Ranar 9 ga Yuli amsa ta iso da dalilai uku. Na farko, wai abin a bayyane yake: tunda sinadaran biyu sanannu ne, duk mai matsakaicin sani a fannin zai yi tunanin haɗa su. Cikin ladabi nake tambaya, shi wannan mai matsakaicin sanin a ina yake zaune? Ina ya shige duk shekarun da kwanon rufin unguwarmu ke yoyo? Na nemi adireshinsa in kai masa tukunya da bargo, aka ce mini ai ba mutum ba ne, doka ce ta ƙaddara da shi. Wato wanda babu shi ne ya kayar da wanda ya rasa gira.

4. Na biyu, wai sabuwar hanyar dahuwa ba ta mayar da tsohon abu sabo, sai an nuna abin da ya fito daban yake da na kasuwa. Wannan gaskiya ne, Malam ma ya gyaɗa kai. Amma ai don a ga bambancin aka karɓi galan. Rahoton gwaji kuwa, ko layi ɗaya babu a fayil ɗin.

5. Na uku shi ya fito da ni daga gida. Wai an riga an yi amfani da sinadarin a bainar jama'a, don haka ba sabo ba ne. Malam bai taɓa ba kowa ko ɗigo ba. Ƙofar gidanmu ma hana ta ya yi, tana nan ja wur. Na tafi ofishinku in ji wace jama'a ce wannan, tun ban shiga ba na ga amsar a jikin babbar ƙofarku ta ƙarfe. Mai gadi ya shaida mini cewa a watan Afrilu aka ji manyan baƙi za su zo zagaye, aka rasa fenti, sai wani ya tuna da galan ɗin da ke ƙarƙashin teburin jami'in. Ƙofar mai murfi biyu ce: murfin dama ya sha na Malam har ya ƙare, aka sayo na kasuwa aka shafa wa na hagu. Damina ta wuce a kansu. Na hagu ya koma gidan jiya, na dama ko tabo babu. Ashe an yi gwajin, ranka ya daɗe, kai kanka kana ratsa tsakiyar sakamakonsa da mota kowace safiya. Jami'in bai yi ƙarya ba da ya ce jama'a sun gani. Ya dai manta ya rubuta cewa bayan shigar da takarda ne, kuma da buroshin ofis.

6. Masana'antar kwanon rufi da ta yi alkawarin ɗaukar aikin in an sami shaidar rajista ta daina ɗaga waya. Takardar neman kuwa kun riga kun wallafa ta, har da batun bargo. In wa'adin ɗaukaka ƙara ya cika a ƙarshen watan nan, kowa zai dafa abinsa, sunan Malam ba zai fito ko a murfin gwangwani ba. Malam ya kulle ɗakin gwajin. Ya wanke bargon, ya ninke, ya miƙo mini, kuma wannan ne ya fi komai tayar mini da hankali. Yanzu kullum da safe sai ya sa hular nan ya taka har bakin ofishinku, ya shafa murfin dama, ya dubi tafin hannunsa, ya juyo gida. Makon jiya mai gadi ya kore shi, wai yana taɓa kayan gwamnati.

Saboda haka ina roƙon alfarmar mai girma da ya ba da umarnin sake duba takardar kafin wa'adi ya cika, a kuma sanya ƙofar cikin fayil a matsayin shaida. In ba ta shiga ba, a kai fayil ɗin wurinta, ba nisa. In kuwa wannan ya fi ƙarfin ofis, to don Allah a yi wa mai gadi magana ya bar dattijon ya riƙa taɓa ta. A duk ma'aikatarku ita kaɗai ta yarda cewa aikinsa sabo ne.

Allah ya ƙara wa kujerarka daraja, ya kuma tsare ta daga tsatsa.

Taku cikin biyayya,

(sa hannu)
Matar Malam Kwalba, mai bargon.