Rasuwar Saje Arzika Badamasi da Hukuncin Ƙungiya a Kan Gangaren Ofis

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Direbobi da Masu Lodi ta Garejin Magama, bakin iyakar Jibiya, a madadin Shugabanta, Alhaji Abdulrazak Ɗanmaraya, tana sanar da rasuwar mai kula da ƙofar garejinta, Saje Arzika Badamasi Bugaje mai ritaya, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Alhamis bayan sallar azahar, yana zaune a kan kujerar aikinsa.

Marigayin ya zo mana shekara tara da suka wuce, bayan ya baro ƙafarsa ta hagu a fagen daga a arewa maso gabas, yana tafiya da ƙafar roba da sandar ƙarfe. Saboda shi muka rushe matakala ukun ofishinmu muka zuba gangaren siminti, muka juya teburinsa ya fuskanci ƙofa tunda ba ya iya zama ya ba ƙofa baya, muka kuma matsar da mai faci can ƙarshen gareji don ƙarar fashewar taya takan sa shi kwantawa ƙasa. Shi kuwa ya saka mana da aikin da ba mu taɓa ganin irinsa ba, domin babu tirelar Maraɗi ko ta Katsina da ta taɓa tsallake layi a gabansa, ko da ta Shugaba ce.

Abu ɗaya ya roƙa. Kullum ƙarfe bakwai na safe, kafin a buɗe ƙofa, yakan miƙe ya kira sunayen abokan aikinsa na soja goma sha ɗaya da ba su dawo daga fagen daga ba, yana dakatawa bayan kowane suna. Ƙungiya ta sa doka cewa a wannan lokaci kowane direba zai kashe injin, ba danna oda, ba ciniki. Har a watannin da aka rufe iyaka, gareji ba kowa, yakan zo ya kira su.

Ranar Alhamis ya kira goma sha biyu. Na ƙarshen nasa ne, ya kuma dakata kamar yadda yake yi wa sauran. Muna tsaye kusan mutum arba'in, babu wanda ya iya buɗe baki ya ce masa yana nan tare da mu. Wannan shirun yana ci mana rai har yau.

Tun ranar Juma'a wasu 'yan ƙungiya ke cewa da ƙarfe bakwai suna jin ƙwas-ƙwas ɗin sanda tana hawa gangaren, ta tsaya daidai bakin ƙofa, har suka kawo takarda cewa a fasa shi a mayar da matakala. Mu Musulmi ne, mun san wanda ya tafi ya tafi, amma mai sa hannu a wannan saƙo ba zai rantse cewa bai ji komai ba. Sai dai ta gangaren nan Malama Salmatu Isah, magatakardarmu, take turo kekenta na guragu ta shiga ofis, kuma ranar da aka fasa shi aikinta ya ƙare. Saboda haka Majalisar Zartarwa ta yanke hukunci cewa gangaren yana nan daram, kujerar marigayi kuma an ba Kofur Rabe Ma'u mai ritaya, wanda ya rasa hannunsa na dama a bakin aiki.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, Hajiya Ummusalma, da 'ya'yansa da ɗaukacin al'ummar Bugaje. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi.

Gobe da ƙarfe bakwai Kofur Rabe zai kira sunaye goma sha biyu, kuma ana umartar direbobi su kashe injin. Duk wanda ya ji an amsa, ya yi wa Saje addu'a, ya bar abin a ransa.

Sa hannu:
Malam Zubair Gangara,
Sakataren Yaɗa Labarai,
Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Direbobi da Masu Lodi, Garejin Magama, Jibiya.