Fallen Tsakiya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman baƙunta? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana mance cin abinci idan aiki ya kama ka.

Tunda ka ƙi ɗaukar waya in ka ga lambar gida, na ce bari in biyo ka ta hannun direban da ke kawo mana katako. Shi ya ce ya gan ka a babban siton katako na can, biro a bayan kunne, kana ta ba mutane umarni. Wai har tumbi ka fara ajiyewa. Na ce ƙarya yake, sai na gani da idona.

Yaya, shago ya dawo hannuna. Idon Baba ya yi rauni, ba ya ganin layin fensir a kan katako. Ina karɓar aiki, ina ɗinkin kushin kamar da, kafintocinmu biyu suna yanka suna haɗawa. Abin da ya sha mini kai shi ne filawud, katakon nan da ake mannawa falle kan falle. Tsoho mai katako, abokin Baba da muke saye a wurinsa, ya rasu bara, 'ya'yansa sun mayar da wurin shagon taya. Tun daga nan na bi dila uku. Na farko cikinsa duk rami, ƙusa ta shiga ba ta kama komai ba. Na biyu zarto na taɓa shi fuskar ta ɓare. Na uku ya yi kyau har damina ta sauka, sai ƙofar kabad ta kumbura ta ƙi rufuwa. Matar da ta sayi kabad ɗin ta ɗoro shi a baro, ta dire mini a bakin shago, mai walda da tela suna kallo. Ranar ko ruwa ban iya sha ba.

Yanzu wata makaranta ta ba mu aikin kabad ashirin na littattafai, nan da mako bakwai. Ina buƙatar falle arba'in mai kauri, wanda aka manna da katako mai ƙarfi ciki da waje. In wannan ma ya lalace, ban ga wanda zai sake shigo mana da aiki ba. Kai kana tsakiyar masu katako, ka nemo mini mai gaskiya.

Kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Filawud nake nema, amma kai nake so ka dawo. Shekara huɗu ta yi yawa. Bencinka yana nan, na hana kowa aiki a kai, sai tarin yadin kushin da nake ɗorawa don kada Baba ya ce na bar wuri a banza.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na sami takardarki, na gode. Ki gaida Inna da kyau. Maganar tumbi, direban nan bakinsa ya fi motarsa gudu.

Ga guntaye uku na ba shi ya kawo miki, daga dila uku, na sa musu lamba. Ki yi musu yadda muka saba. Ki jiƙa su a bokiti kwana uku, ki shanya a rana wuni ɗaya, sannan ki duba gefe ki ƙirga falle-fallen da aka manna. Wanda ya buɗe baki ko ya lanƙwashe, ki jefar. Wanda ya tsaya, ki faɗa mini lambarsa.

Maganar dawowa kuwa ki bar ta. Kina wurin ranar da aka dawo da wadirof ɗin nan da ya ɓare. Kin ji lokacin da Baba ya ce a gaban mai kayan da kafintoci wai ban jiƙa katakon ba kafin in saya, wai ƙiwa ta hana ni, sannan ya miƙo hannu ya karɓi mabuɗin shago. Na jiƙa, Auta. Kwana uku cur na jiƙa guntun da Tsoho ya ba ni. Na faɗa sau ɗaya, ba a saurare ni ba, ba zan sake faɗa ba.

Kada ki gaya wa Baba daga ina guntayen suka fito.

Na bar ki lafiya.
Yayanki

*

Yayana mai tsada,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka gajeriya kamar rasit, amma na karanta ta sau biyar.

An yi jiƙo. Lamba ɗaya ko kwana biyu bai kai ba ya rabu falle-falle kamar littafin da ya sha ruwa. Lamba uku ya yi ta maza har aka shanya shi, sai ya lanƙwashe. Lamba biyu ne namiji. Ya fito kamar ba a taɓa shi ba, falle goma sha ɗaya, duk a manne. Shi za ka sa a kawo mana.

Yanzu kada ka yi fushi. Wallahi ban faɗa wa Baba komai ba. Ina tsame guntayen ya ce in miƙo masa. Ya ƙwanƙwasa na biyun da ɗan yatsa, ya sansana, sai ya bi gefen yankan da babban yatsansa a hankali, ya sake bi. Ya ce, "Auta, wa ya yanka wannan?"

Na ce, "Can wajen dila ne, Baba."

Ya ce, "Dilan bahago ne? Dubi yadda zarton ya kwanta."

Bahago ɗaya ya taɓa koya wa riƙon zarto, kai ne. Sai dai bai mayar mini da guntun ba, ya zura shi a aljihu. Kwana huɗu ke nan yana tare da shi, Inna ta ce da za ta wanke rigar sai da ya sa aka ciro masa.

Ni kuwa jiya ina ɗaure yadi na ji ana fito a bakin titi, irin fiton nan naka mara daɗi da kake yi in kana goge katako. Na fito da gudu da allura a hannu. Wani mai keke ne. Na dawo na zauna, kunya da haushi suka hana ni ci gaba da ɗinkin. Ka ga abin da ka mayar da ni.

Sai na ji daga gare ka.
Auta

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kaya sun iso shekaranjiya, falle arba'in, tare da 'yar takardarka da ka ce maigidanka ya aike ka wani wuri ranar lodi, ba ka tsaya a kai ba.

Kafintoci suka yi ta murna, don na saman sumul suke. Har an ɗauko zarto sai Baba ya ce a dakata. Ya sa aka ɗage goma sha biyar na sama, ya ce a zaro masa ɗaya daga tsakiya a yanki gefensa. Yaya, ba sai an jiƙa ba. Cikinsa ɓawo ne da rami, an lulluɓe da fuska mai kyau. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Shida na sama da huɗu na ƙasa irin guntun da ka aiko ne, sauran talatin ɗin ko akwatin kaji ba za su yi ba.

Na san abin da zai zo maka a rai, shi ya sa nake roƙonka ka karanta har ƙarshe. Baba ya daɗe zaune a kan tarin katakon, sannan ya sallami kafintoci, ya ce in ɗauko biro. Abin da ke ƙasa maganarsa ce, ban ƙara ba ban rage ba.

"Babban ɗana, ina gaishe ka. Wannan ba laifinka ba ne. Wancan ma ba laifinka ba ne. Bayan tafiyarka da mako biyu na je wurin Tsoho, na zaro falle daga tsakiyar kayansa na jiƙa, ya ɓare a hannuna. Guntun da ya ba ka daban, kayan da ya loda maka daban. Na same shi da maganar, ya kama hannuna yana kuka, ya ce kasuwa ce ta matse shi, in rufa masa asiri. Shekara talatin muna tare, shi ya ba ni katakon da na fara sana'a da shi. Na rufa masa asiri, na bar ka da kunyar. Tun daga ranar ba na sayen filawud sai na zaro na tsakiya, kuma ban taɓa faɗa wa kowa dalili ba. Na koya maka jiƙo, ban koya maka wannan ba, don ni ma ban san shi ba sai a kanka. Na so in kira ka, girman kai ya hana ni, da aka daɗe kuma kunya ta karɓa. Ka yafe mini. Mahaifinka."

Da na gama rubutawa ya ce in karanta masa, na kasa. Saura mako huɗu aikin makaranta.

Ƙanwarka

*

Auta,

Na gaishe ki. Dilan zai turo mota ya kwashe tarkacensa, na je na same shi a gaban mutanensa, kuma bai ji da daɗi ba.

Mako biyu! Mako biyu kacal da tafiyata ya san gaskiya, ya bar ni shekara huɗu ina tambayar kaina ko dai ban jiƙa da kyau ba, ko ruwan bai rufe guntun ba, ko na tsame da wuri. Kin san sau nawa na sake jiƙa guntun nan a cikin kaina? Da na karanta takardar sai na fita bayan sito na zauna a kan falanki, ban san na kai awa biyu ba sai da mai gadi ya zo yana tambaya ko lafiya.

Kin ce ina ba da umarni. Ƙirga katako nake, Auta. Ya shigo in ƙirga, ya fita in ƙirga, ban taɓa ganin abin da ya zama ba. Tafin hannuna ya yi laushi kamar na ma'aikacin ofis. In na shiga ɗakin mutane ina gaishe su, idona yana kan ƙafar teburinsu, ina cewa a raina da Baba ne da ya sa an kwance. Ɗakin da nake haya akwai wata durowa mai cijewa, kullum sai na yi kokawa da ita, na ƙi gyarawa don ba na son in riƙe kayan aikin da ba na shagonmu ba. Ina kewar ƙamshin gam da garin katako. Ina kewar faɗan Inna in na shigo mata ɗaki da ƙura a kai. Har faɗansa nake kewa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ga labari mai amfani. Na yi kwana uku ina zaga masu filawud, ina cewa zan zaro na tsakiya in yanka. Bakwai suka kore ni. Na takwas wata dattijuwa ce mai ƙaramin sito a ƙarshen layi, ita ke riƙe da wurin tun rasuwar mijinta. Na faɗa mata, sai ta miƙo mini zarto da kanta ta ce, "Zaro wanda ka ga dama, ɗana, in ka so ka zaro goma." Na zaro biyar daga tari daban-daban. Suna cikin bokiti yanzu.

Ban san abin da zan ce wa Baba ba. Kada ki karanta masa wannan.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta masa. Duka. Ka zage ni in ka so, ai sai ka zo kusa kafin zagin ya same ni.

Bai kare kansa ba ko da kalma ɗaya. Da na zo wurin durowar nan mai cijewa ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Ka ji, kuma gyaran minti biyar ne." Sai ya juya fuska wajen bango, Inna ta yi mini alama in fita.

Ban da abin da zan ƙara. Na gaji da zama 'yar aike tsakanin mutum biyu masu taurin kai iri ɗaya, kuma duk ina son su. Saura mako uku. Me bokiti ya ce?

Auta

*

Auta,

Na gaishe ku duka. Biyar ɗin sun tsaya, ko ɗaya bai buɗe baki ba. Mun sami wurin saye, in Allah ya yarda mun huta. Falle arba'in na zaɓa da hannuna, na tsaya aka loda.

Motar za ta taso ranar Laraba da safe. Na yi tunani, kayan da aka sha wannan wahala a kansu bai kamata su yi tafiya babu ido a kai ba. Na nemi hutun mako uku, kabad ashirin ba aikin mutum biyu ba ne. Abin da zai biyo bayan mako ukun kada ki tambaye ni yanzu.

Na so in ce kada ki faɗa wa Baba, amma na san ki. Ki faɗa masa. Ki sa masa kujera a bakin shago, inda zan hango shi tun daga kwanar titi. In motar ta tsaya ban gan shi ba, ina tsoron ba zan iya saukowa ba.

Sai mun iso.
Yayanki