Akushin da Aka Dawo Mini da Shi

Zuwa ga Malam, mijina,

Assalamu alaikum, kai da maƙwabtanka na can. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, ba mai kai maka, ba mai karanta maka. Zan rubuta duk da haka, don na gaji da yi wa bangon ɗaki magana.

"Hauwa, muddin ina numfashi, hannuna ba zai shiga akushin da ba ke kika zuba ba, sai fa in tafiya ta raba mu." Ka tuna mai wannan maganar? Kai ne, a Yendi, a ƙofar gidan mahaifina, shekarar da aka ɗaura mana aure. Ban roƙe ka ba, ban sa ka rantse ba. Shekara ashirin da shida ina riƙe da ita, har ina yi wa mata alfahari.

Yau kwana talatin da uku da binne ka. Bari in ba ka labarin gidanka, tunda ka tafi ba ka tsaya ka gani ba.

Fataken goro da suka saba sauka a zaurenka sun koma gidan ƙanenka Sule. Biyun da suka rage, kasuwa suke aikawa a sayo musu abinci. Shekara ashirin ba a yi sadakar uku ko bakwai ko arba'in a unguwar nan ba tare da an toya waina a tandata ba. Ranar ukunka, daga wata unguwa aka aro tanda, tawa tana kife a madafa kowa na ganinta. Na aika wa maƙwabciyarmu da ta haihu kunun kanwa, aka dawo mini da ƙwaryar cike, wai ta ƙoshi. Mai jegon kwana huɗu ta ƙoshi da kunun kanwa, Malam. Matan da ke zuwa gaisuwa ko ruwan randata ba sa sha. Suna zama, su yi mini addu'a, idonsu na kan hannuna.

Ka san dalili. Ranar nan ka dawo bayan la'asar, da magariba na aika da tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa zaure. A gaban baƙi ka yi loma biyu, ka ture akushin, ka fita bayan gida, amai ya tsinke maka. Kafin azahar ta washegari an rufe maka ido. Mutum shida suka ga lomar nan biyu. Garin nan namu na Salaga kuwa ba ya buƙatar fiye da haka. Ba wanda ya ce mini a fuska na zuba maka wani abu. Da sun faɗa da na samu abin amsawa. Ni kuma ina cikin takaba, ba ni da ikon taka ƙofar gida in bi su ɗaya ɗaya.

Da dattawa suka so a yi tambaya, Sule ne ya miƙe a zaure ya ce kada a tona abin da ya wuce, su dai sun bar wa Allah. Kowa ya yaba masa, ana cewa ya rufa wa matar wansa asiri. Ka ji gwaninta? Da baki ɗaya ya yanke mini hukunci, ya kuma tafi da godiya.

Shekaranjiya wata tsohuwa ta shigo, ba ta yi kama da masu zuwa gidan nan ba. Ta jira har mata suka watse, sannan ta kwance wani ƙunshi ta ajiye a gabana. Akushinka ne, baƙin nan mai tsagewa a baki, wanda ka ce mini wani baƙo ya tafi da shi Kumasi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Kafin ka faɗi haka, har bulala na so a yi wa mai wanke-wanke a kansa. Sunan tsohuwar Asibi, 'yar ƙasar Kusasi ce, tana zaune can ƙarshen gari, bayan gidan da ake dafa burkutu. Ta ce tun shekarar da akushin ya ɓata, duk Litinin da Alhamis bayan azahar kana zuwa ta bayan danga, ta zuba maka tuwon gero mai tsami da miyar yakuwa da gyaɗa da man kaɗanya. Ta ce ba ka taɓa shan abin da ake sha a gidan gaba ba. Na yarda da ita. Ita dai ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Ta ce ranar nan ta sa busasshen kifin da ta saya a hannun masu zuwa daga Yeji, ashe ya lalace daga ciki. Ita ma ta kwanta kwana tara, shi ya sa ba ta zo da wuri ba. Kuma ba kai kaɗai ka ci ba. Da Sule kuka je, akushi ɗaya kuka sa hannu, shi dai ya ci kaɗan. Sai a lokacin na tuna cewa ranar jana'izarka a zaune ya yi salla, ana cewa baƙin ciki ne ya karya masa ƙafafu.

Na tambaye ta abin da ya kai mutum irinka bayan gidan burkutu. Ta dube ni kamar mai mamakin ban sani ba. Ta ce da ita da mahaifiyarku igiya ɗaya aka ɗaure su, daga wani ƙauye kusa da Zebilla, tun suna 'yan mata, har kasuwar garin nan. Mahaifinku ya sayi ɗaya, wani ya sayi ɗaya. Tuwon da mahaifiyarku take yi muku a ɓoye kuna yara, shi kake zuwa ci.

To ina Bakatsiniyar nan 'yar malamai da ka ce ta haife ku, ta rasu kuna ƙanana? Sau nawa na sa ta a addu'a, da sunan da ka ƙirƙira mata? Wa nake yi wa addu'a duk shekarun nan?

Kai ka san ba jahila ka aura ba. A gaban mahaifina na karanta fiƙihu tare da yayyena maza, kuma har ya rasu yana cewa na fi su riƙe hukunci. Ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana gado, yana limanci, ba malamin da ya ce akasin haka. Kai ma ka sani, kai ka karantar da wasu wannan babin a zaurenka. Me ka ji tsoro? Rabin manyan gidajen Salaga, in aka bi ta ɗakin iyaye mata, ina za a ɓulla?

Amma zan faɗi nawa, tunda yau ranar faɗa ce. Na tuna abin da ya jawo alkawarin nan naka. Muna tsaye a ƙofar gida wata mata ta wuce da ƙwaryar tuwo mai tsami, na toshe hanci, na ce wannan abincin bayi ko karena ba zan ba shi ba. Ka yi dariya, ka fi ni dariya ma, sannan ka faɗi abin da ka faɗa. Shekarata goma sha tara, bakina ya fi hankalina sauri. Na ɗauka yabon girkina kake yi. Ashe a ranar ka rufe mini ƙofa, ban sani ba.

Kuma na daɗe da sanin kana cin abinci a wani wuri. Mace ba ta jahiltar akushin mijinta. Duk Litinin da Alhamis yana dawowa kusan yadda ya tafi, in na karɓi rigarka in ji ƙanshin man kaɗanya, ni kuwa da man shanu nake girki. Na zaci wata ce. Girman kai ya hana ni tambaya, sai na shiga gasa da macen da ban taɓa gani ba. Na ƙara daddawa, na rage. Na sa aka kawo mini kanumfari da masoro daga Kumasi. Na koyi daka sakwara a wurin matan Gonja har tafin hannuna ya yi kanta. Shekara goma sha ɗaya ina kishi da tsohuwar da ba ta da haƙori ko ɗaya. Da ka buɗe baki sau ɗaya ka ce, Hauwa, ga abin da uwata take dafa mini, kana jin da ba zan koya ba? Wataƙila da na yi tsaki. Da na yi kwana biyu ina gunaguni. A na uku da na jiƙa gero.

Ina fushi da kai don ka yi mini ƙarya. Na fi fushi da cewa ka kwana kana amai, hankalinka a jikinka, kana jin mata a tsakar gida suna tambayar me ka ci, ni kuma ina riƙe da kanka. Kalma huɗu ta ishe ka: na ci a waje. Ka zaɓi ka tafi da asirinka, ka bar ni da sunan mai kisan kai.

Jiya na sa aka kira mini Sule. Ya tsaya a bakin ƙofa, na tura akushin gabansa da ƙafata. Ya gane shi. Ya ce in ji tsoron Allah in rufa wa mamaci asiri, maganar mutane iska ce, za ta wuce. Ya ce yana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba, ga sarautar unguwa da ake maganar ba shi. Ni fa? Hannun nan nawa shi ne abin da nake da shi. In ba a ci daga gare shi ba, da me zan zauna a garin nan, kuma da wane suna za a binne ni?

Ban nemi a kama Asibi ba, ba kuma zan bari a sauke mata abin da aka ɗora mini ba. Ta ciyar da ɗan ƙawarta, kifi ya zo da ajali, shi ke nan. Ta ce ita ta wuce shekarun jin tsoro, duk inda aka kira ta za ta maimaita.

Laraba mai zuwa ce arba'in ɗinka. Na ba Sule wa'adi zuwa la'asar ɗin Talata ya tsaya a zauren da ya yi waccan maganar, a gaban liman da mutum shidan nan, ya faɗi inda kuka ci abinci. Ban ce ya ambaci mahaifiyarku ba. Abin da nake so kawai, ya ce kun ci kifi a waje, shi ma ya kwanta. In gaskiya ne matattu na zuwa wa 'yan'uwansu a mafarki, to kana da kwana shida, ka je masa.

In la'asar ta wuce bai yi ba, geron yana nan, zan jiƙa shi. Ranar Laraba Asibi za ta zauna a madafata ta nuna mini, ni zan tuƙa da hannuna. Ba waina a sadakarka. Kowane gida a unguwar nan za a kai masa tuwo mai tsami da miyar yakuwa, a faɗa musu wannan abincin mahaifiyar Malam ne, wanda ya fi so a duniya. Zan zauna a tsakar gida in fara ci a gaban matan. Sannan in aika wa liman ya sa ta a addu'a tare da kai, da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Asibi ta gaya mini shi. Ateni.

Allah Ya yi maka rahama, Malam. Ina roƙa maka ita kullum, ko da yake ni ban gama da kai ba tukuna. Ka huta.

Matarka,
Hauwa'u 'yar Malam Isa na Yendi, wadda ba ta kashe ka ba.